Yadda Malam Sada Ya Yi wa Motar Hajiya Magani

Duk Ƙofar Kwaya babu wanda bai san Malam Sada ya yi shekara talatin da biyu a ma'aikatar ayyuka ba, don shi da kansa yake tuna wa mutane kullum safiya. Abin da bai cika faɗa ba shi ne irin aikin da ya yi a can. Mai tsaron sito ne. Shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin da ake ajiye kayan gyaran motoci, bakanike ya zo ya faɗi abin da yake so, shi kuma ya miƙo masa ta taga. Da haka ya haddace sunan kowane ƙarfe na cikin mota kamar karatun allo, amma tun da yake a duniya sifana ba ta taɓa ɓata masa hannu ba.

Motar gidan ma ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, Hajiya Baraka, mai abincin biki, wadda wainarta da miyar taushenta suka yi suna har a wajen ganuwa. Ta sayi tsohuwar mota mai dogon baya don kai kulolin abinci gidajen biki, Malam Sada kuwa da ya yi ritaya ya naɗa kansa direba.

Ran nan Litinin suna dawowa daga kasuwa, ya shigo shataletale da gudu kamar yadda ya saba. Sai bayan motar ya yi wani irin wurgi gefe, ta yi tangal-tangal kamar za ta kwanta, sannan ta dawo daidai. Wata ƙatuwar kabewa ta mirgino daga baya ta daki kujerar Hajiya.

"Innalillahi! Malam, mi ke nan?"

"Ba komai, Hajiya. Ai na riƙe ta."

"Wannan shi ne karo na uku fa. Ran Asabar ina da walimar sauka gidan Alhaji Siddiq a Gobarau, mutum ɗari biyu. In na yi abin kunya a wurin nan, na gama sana'a a cikin gari. Ka kai wa Ayuba motar nan yau ɗin nan."

Ayuba bakanike ne, mutumin kudancin Kaduna, garejinsa na nan bayan layinsu fiye da shekara ashirin. Malam Sada ya yi wata 'yar dariya ta tausayi.

"Ayuba? Lokacin da nake raba wa manyan injiniyoyi kayan aiki, Ayuba ko wando bai iya ɗaurewa ba. Ki ba ni kwana uku. Ciwon mota ni nake jin shi a jikina, kamar uwa da ɗanta."

"To kafin nan ka riƙa rage gudu a kwana mana."

"Rage gudu ɓoye cuta ne, ba magani ba."

Washegari da hantsi ya iske abokansa biyu a gindin dalbejiyar ƙofar gida, inda suke zaman majalisa. Babaji mai hatsi, ƙaton mutum wanda in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya yi addu'a, da Muttaka tela, siriri kamar zaren da yake ɗinki da shi. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da kasuwa, Malam Sada ya ce yana bukatar shaidu biyu adilai don binciken kimiyya.

"Da nisa?" in ji Babaji.

"Nan shataletale. Zama kawai za ku yi."

Suka shiga baya, Babaji a dama, Muttaka a hagu. Malam Sada ya taho tun daga nesa yana ba ta wuta yana bayani. Ya karya sitiyari. Motar ta kwanta gefe, bayanta ya zame, sannan ta fizgo da ƙarfi ta koma ɗaya gefen. Babaji ya taho gaba ɗayansa ya danne Muttaka a jikin ƙofa. Hular Muttaka ta fita ta taga, wani mai kurkura, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya bi ta kanta.

"Ka kashe ni! Babaji, ɗaga! Haƙarƙarina!"

"To ni na tura kaina?"

Malam Sada ya tsaya a gefen titi fuskarsa cike da annuri. "Alhamdu lillahi. Na gano ta. Mota kamar jaki take, in mangala ta rinjaya gefe guda dole shi karkace. Babaji ne ciwon."

"Ni? Jiya da ta yi muku ina ciki?"

"Jiya kabewa ce ta tsaya a madadinka. Ku yi musanyar wuri."

Suka yi musanya. Aka sake zagayowa. Wannan karon Babaji ya danne Muttaka a ɗaya ƙofar.

"To yanzu kuma fa?" in ji Muttaka, da ƙyar muryarsa ke fita.

"Yanzu mun tabbatar ba Babaji ba ne," in ji Malam Sada. "Haka bincike yake. Sai ka kore ƙarya kafin ka iske gaskiya."

Ran Laraba ya tashi da sabuwar fahimta: iska ce ta yi wa tayoyi kaɗan. Ya nufi wurin Shehu mai faci a bakin titi, Babaji da Muttaka na biye, don ya ce shaida ba ya janyewa a tsakiyar shari'a. Shehu ya durƙusa ya zagaya motar yana shafa tayoyin, ya girgiza kai.

"Malam, na bayan nan biyu sun yi sanƙo, ko zane babu. Kuma wannan ba girmansu ɗaya da waccan ba."

"Faci na zo ko wa'azi? Ba su iska."

Shehu ya tada injinsa ya ba su, ya sa geji. "Ta kai."

"Ƙara."

"Malam, ta kai fa."

"Gejin naka na 'yan koyo ne. Ni da yatsa nake aunawa." Ya ƙwanƙwasa tayar da ɗan yatsa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. "Ƙara."

Shehu ya ƙara yana kau da fuska. Masu sayen rake da ke kusa suka ja baya. Sai da tayoyin suka yi tauri kamar dutsen niƙa sannan Malam Sada ya ɗaga hannu.

Abin da ya biyo baya, har yau Babaji ba ya son a tuna masa. Motar ta daina tafiya, ta koma tsalle. Duk ɗan tsakuwar da ta taka sai kan Babaji ya gaisa da rufi. Da suka shiga kwana kuwa, a da bayanta kawai ke zamewa, yanzu sai ta haɗa zamiya da rawa. Goron da ke bakin Babaji ya wuce masa maƙogwaro bai tauna ba, Muttaka na dukan bayansa yana salati.

"Kun ji yadda ta yi sauƙi a hannu?" in ji Malam Sada.

"Sauke ni," in ji Babaji yana tari. "Don girman Allah sauke ni, da ƙafa zan koma."

Ran Alhamis da safe Ayuba ya biyo ta layin zai tafi gareji, ya iske Malam Sada ya buɗe bonet ya zura kai ciki, 'yan majalisa na kallo. Labari ya riga ya kai masa.

"Ina kwana, Baba Malam? An tashi lafiya? Ya ƙoƙari?"

"Lahiya lau, Ayuba. Ya aiki? Ya su Jummai da yara?"

"Suna gaishe ku. Baba, in ba za ka damu ba, ciwon ba a gaba yake ba."

Ya zagaya baya, ya ɗora hannu biyu a kan but ya danna da ƙarfi, ya saki. Motar ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi sama, ta yi ƙasa, ta yi ta lilo kamar ba za ta daina ba. Ya leƙa ƙarƙashi ya shafo wani ƙarfe, ya nuna yatsunsa sun yi baƙi da mai.

"Ka gani? Mai lafiya sau ɗaya za ta ɗago ta tsaya. Shokazoba na baya duka biyu sun mutu, man cikinsu ya tsiyaye. Shi ya sa in ka shiga kwana da gudu taya ba ta kama ƙasa. A sake su, a sake tayoyin baya, a rage iskar nan kafin ta fashe. Aikin awa biyu ne. Ka kawo yanzu in yi wa Hajiya kafin azahar."

'Yan majalisa suka ce, "Ato!" Babaji har da tafa hannu.

Da a ce su biyu ne kawai a wurin, wataƙila da Malam Sada ya miƙa mabuɗi. Amma ga mutum takwas na kallo, ga Hajiya tsaye a bakin zaure da ludayi a hannu. Ya gyara hula.

"Ayuba, shokazoba nawa ka taɓa gani a rayuwarka? Ni na kwana da ɗari huɗu a ɗaki guda, ni ke da mabuɗinsu. Yanzu danna mota da hannu shi ne bincike? Ai ko tuwo ba a gane ya nuna da haka. Amma ka yi ƙoƙari, ka kusa. Abin da ka gani yana lilo ɗin nan, rashin nauyi ne. Bayan ya yi shafal, iska ke ɗaukar shi."

Ayuba ya goge hannunsa da tsumma. "To Baba, Allah ya ba da sa'a. Amma a riƙa shiga kwana a hankali."

"Kai ma ka shiga ƙungiyar masu ɓoye cuta?"

A tsakar gida akwai bulo da Hajiya ta tara za ta ƙara faɗin ɗakin girki. Tana fita unguwa, Malam Sada ya sa aka loda sha huɗu a but. Bayan motar ya durƙusa har ya kusa shafar ƙasa, hancinta ya ɗaga yana kallon sama kamar raƙumi mai fushi. Ƙofar but ta ƙi rufuwa, ya doka ta sau uku, a na huɗu maƙullin ya karye ya faɗo. Aka ɗaure da igiyar shanya.

Babaji ya ce shi ya tuba. Sai da Malam Sada ya tuna masa cewa mai ɗauko abinci shi ke fara ɗanɗana waina ran Asabar, sannan ya shiga yana gunaguni.

Ba su ma kai shataletale ba. A kan ɗan tudun rage gudu na bakin makaranta, aka ji ƙuuu, aka ji ƙwal. Muttaka ya waiga. "Malam, wani abu ya faɗi, dogo, yana hayaƙi."

Salansar motar ce, bututun hayaƙi. Daga nan motar ta buɗe murya. Kaji suka watse, wata tsohuwa mai ƙosai ta kife kaskonta ta shige zaure, mutane suka fito daga shaguna suna tambayar ko jirgi ne ya sauka a unguwa. Sitiyari kuma ya zama kamar faifai a hannu, don tayoyin gaba da ƙyar suke taɓa ƙasa: Malam Sada ya juya dama, mota ta yi shawara, ta ci gaba da tafiya miƙe har cikin tarin yashin wani mai gini.

Da suka dawo gida da salansa a kan cinyar Muttaka, Hajiya na tsaye a inda bulonta yake da. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ina ɗakin girkina?"

"Yana cikin but, Hajiya. Bulo uku ne kawai suka fashe."

"Gobe Juma'a, ba ni da lokacin magana, markaɗe ke gabana. Ka kai wa Ayuba ko ba ka kaiwa?"

"Saura ƙiris. Wallahi saura ƙiris. Yau na gano asalin abin."

Asalin abin, kamar yadda ya bayyana wa majalisa bayan an sauko Juma'a, shi ne wannan: mai babur in zai shiga kwana kwantawa yake yi, shi da wanda ya goya. To me ya sa mutanen cikin mota suke zama ƙiƙam kamar buhuna? Ba motar ce ke da ciwo ba, fasinjoji ne ba su da tarbiyya. Ya sauke bulo, ya zaunar da Babaji da Muttaka a cikin motar tana tsaye a ƙofar gida, ya yi ta ba su horo. In ya ce "Dama!" su kwanta dama, in ya ce "Hagu!" su kwanta hagu. Motar na lilo, matan layi na leƙe ta katanga suna riƙe ciki. Aka yi haka har la'asar.

"Gobe Gobarau za su ga tuƙi," in ji shi.

Ran Asabar tun asuba gidan ya cika da mata masu taya aiki, ana ta shige da fice ta ƙofar gaba da ta baya. An ce a kai abinci ƙarfe sha ɗaya. Malam Sada ya sha farar shadda, ya kafa hula, ya zauna a mota tun ƙarfe goma yana danna oda. Sai sha ɗaya da rabi aka fito da manyan kuloli huɗu, kowace an ɗaure murfinta tam da tsumma.

"Kada wanda ya buɗe, tururi zai fita," in ji Hajiya. "Ku yi gaba, ni zan biyo a kurkura."

"An makara, Hajiya!"

"To ka tafi a hankali."

Aka jera kuloli a but. Don kada su mirgina, aka sa Muttaka ya shiga can ya zauna a tsakiyarsu, ya juya wa direba baya, ya rungumi biyu ya tokare biyu da ƙafa. Aka ja ƙofa aka ɗaure da igiya. Babaji ya zauna a tsakiyar kujerar baya, ya ware ƙafafu kamar ɗan kokawa.

Tun suna nesa mutanen Gobarau suka ji zuwansu. An kafa rumfuna a filin ƙofar gidan Alhaji Siddiq, malamai da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata sun cika kujeru, ana ta addu'a a lasifika. Kafin a kai filin akwai kwana guda, mai faɗi, ruwan sama ya tara yashi a bakinta. Malam Sada ya hango fararen riguna duk sun juyo suna kallon inda rugugin ke fitowa, sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Maimakon birki, ya ƙara taka totur.

"Ku shirya! Dama!"

Babaji ya kwanta dama da dukkan nauyin da Allah ya ba shi. Muttaka ma ya kwanta dama, shi da kuloli huɗu. Sai dai Muttaka baya yake kallo, damarsa ita ce hagun mota.

"Ba can ba! Ɗaya damar!"

"Dama nawa gare ni?"

Babaji da ya ji an ce ɗaya damar, ya ɗauka da shi ake, ya tashi ya faɗa hagu. Muttaka ya komo. Tayoyin nan masu sanƙo suka hau yashi. Bayan motar ya wuce gabanta. Malam Sada ya ga rumfa, ya ga katanga, ya ga hasumiya can nesa, ya sake ganin rumfa. Motar ta juya sau ɗaya da rabi, ta tafi da baya-baya a hankali kamar mai neman gafara, ta jingina da turken rumfar farko ta mutu. Igiya ta tsinke. Ƙofar but ta ɗaga. Muttaka ya sulalo ƙasa a zaune, kuloli suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya murafensu na ɓallewa.

Mai addu'a ya tsaya a tsakiyar fatiha. Rumfar ta yi tunani kaɗan, ta sunkuyo ta rufe layin gaba.

Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Aka ɗaga tamfol, malamai suka fito suna laluben huluna. Malam Sada ya fito daga mota, ya ɗora hannu biyu a ka. A karo na farko cikin mako guda, gaskiya ta fito daga bakinsa.

"Wayyo miyar Hajiya! Wainar mutum ɗari biyu! Jama'a na kashe mata sana'a! Alhaji, ka yafe mata, laifina ne, ni kaɗai!"

Alhaji Siddiq ya matso yana kakkaɓe riga, ya dubi ƙasa, ya dubi Malam Sada. "Malam, wace miya?"

Kowa ya duba. Muttaka na zaune a cikin taɓo, jiƙe sharkaf. Ya ɗaga hannun rigarsa ya sansana, ya lasa.

"Ruwa ne," ya ce. "Ruwan rijiya."

Kuloli uku ruwa ne zalla. Ta huɗun, wadda ya rungumo tun daga Ƙofar Kwaya kamar jariri, dusa ce. Awakin unguwa har sun fara taruwa.

"Abinci ai tun ƙarfe goma ya iso," in ji Alhaji Siddiq. "Kurkura biyu suka kawo. Yana ciki ana zubawa, addu'a kawai muke jira a shafa."

Wani daga baya ya fara dariya, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Daga nan filin ya ɗauka. Mai addu'a ya manta lasifika na kunne, aka ji tasa dariyar har layi na uku. Babaji ya fito ta taga don ƙofa ta ƙi buɗewa, ya tsaya a gaban Malam Sada yana haki.

"Kwana biyar! Na haɗiye goro, na fasa kai, na yi rawa a ƙofar gidanka mata na kallo. A kan dusa?"

"Ni na rungume ta," in ji Muttaka. "Har ina ce mata bismillah in mun hau rami."

Ana cikin haka kurkura ta tsaya. Hajiya Baraka ta sauko cikin leshi da mayafi, tsaf da ita. Ayuba na gaba kusa da direba, da igiyar jan mota naɗe a kafaɗarsa. Ta gaida Alhaji, ta ba malamai haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Babaji da Muttaka ko sun ji ciwo. Sannan ta zo gaban mijinta ta miƙa hannu. Ya zaro mabuɗi ya sa mata, ta miƙa wa Ayuba ba tare da ta waiga ba.

Malam Sada ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya, hularsa a karkace.

"Hajiya, shekara talatin muna tare. Ashe ba ki yarda da ni ba?"

"Haba Malam," ta ce, tana gyara masa hular. "Duk Katsina wa ya kai ni yarda da kai? Na ce a raina za ka zubar, ga shi kuwa ka zubar. Wuce ka samu kujera, waina na hucewa."